Ƙarfen da Bai Ga Masaba Ba

Baba Hali ya ce ƙarfe sai da duka.
Shekara hamsin yana gaya wa Maƙera Assada haka,
masaba a dama, awartaki a hagu,
ni ina bakin zugazugi ina ƙirga tartsatsi.

Yau ga ni a Dundaye, a ɗaki mai taga ɗaya,
ina awon ƙarfe da cokali kamar mai sayar da yaji.
Gari ne, toka-toka, ya fi lalle laushi.
Giram tara da ɗigo tara.
Sai ɗan baƙin gari, ƙanen gawayi,
wanda da ƙyar zai cika bakin farce.

Na zuba su a tulun ƙarfe da ƙwallaye goma sha biyu,
na kori iska,
don iska annamimiya ce,
in ta shiga tsakani sai ta bar tsatsa.
Inji ya ɗauka, ƙwaram, ƙwaram,
sa'a ashirin ana daka, ba turmi, ba mai lugude.
Ƙwaya ta manne da ƙwaya, ta tsage, ta sake mannewa,
har baƙi ya shige jikin fari,
ba a gane baƙo, ba a gane ɗan gida.

A sa'a ta sha ɗaya aka ɗauke wuta.
Malam Jabbi ya ja janareto har kafaɗa ta amsa.
Ya ce, "Arzika, wanga gari naka
ya hi babur ɗina shan mai."

Da safe na ɗura garin a mazubi.
A kan wurin da bai wuce faɗin sule ba
na sauke nauyin buhun gero ɗari biyu.
Allurar matsi ta hau, ta hau, ta tsaya tana makyarkyata.
Abin da ya fito yana ƙyalli, yana da kaifin gefe,
kai ka ce ƙarfe ne.
Ƙarya yake yi.
Na danna da babban yatsa, ya wargaje kamar dakuwa.

Na farko ke nan.
Na bakwai ya rabe biyu kamar goro.
Na tara ban so in tuna.

Ashe matsi tara jama'a kawai yake yi,
zumunci sai wuta.
Ba mai narkarwa ba,
wadda ke tsayawa a bakin ƙofa ta yi sallama,
ta daɗe tsaye.
Can ciki, inda ido bai kai,
kowace ƙwaya na miƙa wuya ga maƙwabciyarta,
ramuka na tsukewa sannu,
kamar rijiyar fadama da aka daina yasa.

Na sha huɗu ya fito baƙi wuluk, ya ɗan rame.
Na auna shi a sarari, na auna shi a ruwa:
casa'in da huɗu cikin ɗari.
Shidan da suka rage ramuka ne,
su ke hana ni barci.

Ran Juma'a na kai wa Baba.
Ya juya shi, ya sansana,
ya goga masa magagari, magagari ya zame.
Ya sake shi bisa uwar maƙera,
ya karkata kunnen da ya rage mai ji.
Tin.
Ya sake. Tin.

"Wa ya buge shi?"
Na ce ba kowa.
"A'a. An buge shi.
Kai ne dai ba ka ga hannun ba."

Ya jefa shi aljihu, wurin goro da makullin shago,
ya ce in riƙe mai zugazugi, wuta za ta mutu.
Ran Litinin ake jiran sakamako,
ga Malama Ige za ta nemi samfur.
Na naɗe hannun riga.
Ban san ta bakin da zan ce ya ba ni ba.